Kisa goma sha huɗu, amma mu aka ci

Tunda har abin ya kai ga jefa ƙuri'a a guruf kan a cire Search and Destroy daga gasar hutun nan, to bari in faɗi nawa a fili, wanda ya ji haushi ya sha ruwan randa. Tun daren Asabar nake haɗiye maganar nan saboda an ce a yi haƙuri da ɗan tawagarmu da ya jawo aka ci mu, yaro ne. Yaron da gemunsa ya fi nawa cika.

Duk kun ga hoton da ya ɗora a sitatus. Kisa goma sha huɗu, an zagaye lambar da jan layi, a ƙasa kuma an rubuta wai ba a haifi mai tare shi a Samaru ba. Saman hoton ne dai ba ku gani ba, don ya yanke shi tsaf, kuma a nan ne aka rubuta cewa 'yan Tudun Wada sun lallasa mu. Sannu Sarkin Yaƙi, Allah ya ja zamaninka. Kai ka tashi da goma sha huɗu, mu kuma har yau ba mu iya sauka daga Keke a Tudun Wada ba tare da wani ya tambaye mu lafiyar bam ba.

Ga wanda bai je ba: turmin ƙarshe ne a filin Crash, wanda jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a tsakiyarsa. Mu ke tsaro. Wurin dasa bam biyu ne, A da B; sun dasa a B, mu huɗu mun faɗi, saura shi kaɗai da mutum biyu. Ya kashe su duka biyun, kuma wallahi harbin ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Daga nan sai ya tsaya canjin bindiga. Ya ɗauki ta wannan, ya yar, ya koma ya ɗauki ta wancan. Muna zaune benci ɗaya da shi a teburin mai shayi, muna ihu "bam! je ka kwance bam!", ashe waƙa yake ji a iyafis. Da ya farga sai ya zabura ya nufi A. Ana yabonka salla ka kasa alwala. Bam ya tashi, ya ɗago kai yana tambayar wai ya aka yi aka ce an ci mu alhali ya kashe kowa.

Tambayar nan tasa ita ce ta hana ni barci, domin ba shi kaɗai ke da ita ba. Rabin masu buga Call of Duty: Mobile a garin nan haka suka ɗauki wasan: a shiga, a harba, a ƙirga gawa. Kuma yanzu su ne ke son a sauya tsarin gasa ya dace da fahimtarsu, a cire abin da ya tona musu asiri a sa Team Deathmatch, wai ya fi armashi.

Ba ni da faɗa da Team Deathmatch. Ni ma da shi nake ɗumama yatsu kafin a fara abin gaske. Amma mene ne a cikinsa? Ka mutu, kafin ka gyara zama an dawo da kai, ka sake rugawa ka sake mutuwa, ɓangaren da ya riga cika adadi ya ci. Mutuwarka ba ta da tsada, shi ya sa ba ta koya maka komai. Domination ya ɗan fi shi, tunda akwai A da B da C da sai an tsaya a kansu maki ke shigowa. Hardpoint ya fi su biyun, don wurin da ake riƙewa tashi yake yana komawa wani gun, mai hankali kuma tun kafin ya tashi ya riga ya je ya kama na gaba. Ko a can ɗin ma mun san halin mutuminmu: muna cikin da'ira ana yi mana ruwan gurneti, shi yana can bayan gari yana farauta.

Search and Destroy kuwa rai ɗaya gare ka a kowane turmi. Mutum biyar da biyar. Ɓangare ɗaya na ɗauke da bam zai dasa a A ko B, ɗayan na tsaro. In aka dasa, to kashe masu dasawa gaba ɗayansu ba ya ba ka turmin, sai ka je ka durƙusa ka kwance shi kafin lokaci ya cika. Dokar ke nan, a rubuce take, ba ni na ƙirƙiro ta don in ci mutuncin kowa ba. Kisa hanya ce ta isa wurin bam. Wanda ya mai da hanya masauki, ai sai dare ya yi masa a kanta.

Kuma ku daina magana kamar wani salo ne da aka liƙa wa wasan jiya. Tun Call of Duty na farko a 2003 yake ciki, shekara goma sha shida kafin na waya ya fito a Oktoban 2019. Kafin shi akwai Counter-Strike, wanda wasu matasa biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka ƙera a 1999 a kan wasan Half-Life, daga baya kamfanin Valve ya karɓe shi. Har yau a Counter-Strike 2 da ya fito a 2023, manyan gasannin duniya a kan dasa bam da kwance shi ake yin su: wanda ya riga cin turmi 13, bam na tashi bayan daƙiƙa 40, kwancewa daƙiƙa 10, in ka sayi kayan kwancewa ta koma 5. Da Riot Games suka zo yin Valorant a 2020, da duk kuɗinsu da ma'aikatansu, wannan tsarin suka ɗauka, suka sauya wa bam ɗin suna, suka ba shi daƙiƙa 45, kwancewa 7. Rainbow Six Siege na Ubisoft tun 2015, shi ma gasarsa a kan bam take. Duk waɗannan ba su gano cewa abin ba armashi ba, sai kwamitin gasar unguwarmu mai mutum uku da littafin rasit ɗaya.

A Counter-Strike ma abin ya wuce nan, don da kuɗi ake sayen bindiga. Kowa da dala 800 yake farawa. Akwai turmin da tawaga za ta yarda ta shiga da ƙananan bindigogi, ta san da wuya ta ci, don ta tara abin sayen manya a turmi na gaba. Akwai lokacin da kai kaɗai ka rage, ka ga ba riba, ka ɓuya ka tsira da bindigarka mai tsada maimakon ka je ka kai musu ita kyauta. Ka yi tunanin gaya wa Sarkin Yaƙi ya ɓuya. Ƙannenmu 'yan sakandare masu buga Clash Squad a Free Fire, huɗu da huɗu, sun san a lissafa kuɗi kafin a sayi makami. Mu manya ne muka tsaya a ƙirgen gawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk mun yi langa muna yara. A langa akwai ruwa, akwai masu kare shi. Kana iya zama ƙaton da ya fi kowa iya ture mutane, ka kayar da yaran layi ɗaya bayan ɗaya har ƙura ta tashi, amma in ruwan ɗaya ɓangaren ya zille ta bayanka ya je ya sha, an ci ku. Ba wanda ya taɓa komawa gida yana cewa "amma ai na kayar da shida". Da ka faɗi haka ma dariya za a yi maka har ka girma. Yaro ɗan shekara tara a Kofar Doka ya san aikinsa shi ne ruwansu ya sha, na wasu kada ya sha. Mun girma, mun sayi waya mai tsada, mun manta abin da muka sani da ƙafa ɗaya a hannu.

Na karanta hujjojinku a guruf, kada ku ce ban karanta ba.

Wai in mutum ya mutu da wuri sai ya zauna yana kallo, abin da gundura. To kada ka mutu da wuri mana. Wa ya aike ka tsakiyar fili a daƙiƙa goman farko? Zaman kallon nan shi ne makarantar. A nan kake ganin inda ɗan'uwanka ke laɓewa, ka gane ta inda aka ɗauke ka. Wanda ba ya iya zaman minti ɗaya ba tare da yatsansa na kan harbi ba, matsalarsa ta fi ƙarfin kwamitin gasa.

Wai sabis ba shi da kyau, mutum na iya mutuwa ba laifinsa ba, kuma ba dawowa. Gaskiya ne, ni ma an sha harbe ni ina bayan bango. Amma 'yan Tudun Wada daga Landan suka buga? Sabis ɗin da ya riƙe ka shi ya riƙe su. Kuma ranar Asabar sabis lafiya lau yake, har ya ishe ka canza bindiga sau biyu.

Wai 'yan kallo sun fi son inda ake ta harbi. Waɗanne 'yan kallo? Mutanen da na gani sun miƙe tsaye, mai shayi ya bar ƙwai yana ƙonewa, lokacin da ya rage mutum ɗaya da biyu bam na ƙara? A Team Deathmatch ban taɓa ganin wanda ya ajiye kofinsa ba.

Sai masu cewa wasa ne kawai, me ya yi zafi. In wasa ne kawai, me ya sa ka yanke saman hoton?

Yanzu bari in ajiye gatse in faɗi abin da ke raina tsakani da Allah. Akwai wani a tawagarmu, kun san shi, ba sai na kira suna ba. Wayarsa tsohuwa ce, gilashin ya tsage ta kusurwa, in wasa ya yi zafi sai hoton ya riƙa tsalle. In aka tsaya gaba da gaba shi da mai iPad da ke wasa da yatsu huɗu, sau goma za a kashe shi sau tara. Amma shi ne ke jin takun sawu ya ce mana "suna zuwa ta B, mutum biyu". Shi ke jefa hayaƙi a ƙofa don mai bam ya samu ya dasa. Shi ke yarda ya yi motsi a A don a zaci can muka nufa, a kashe shi, mu mu wuce. Yakan gama wasa da kisa biyu, wani lokaci ɗaya, ba ya ɗora komai a sitatus. Turmin da muka ci ranar Asabar, fiye da rabi da bakinsa aka ci su. In kuka mai da gasar nan ta ƙirgen kisa, kun ce masa ya zauna a gida ke nan, shi da duk wanda bai da kuɗin babbar waya. Sai gasa ta koma ta wanda babansa ya fi kuɗi, mu kuwa a garin ɗalibai muke, yawancin masu bugawa sai sun zaɓa tsakanin data da abincin dare. Search and Destroy ne kaɗai wurin da na ga mai ƙaramar waya ya juya mai babba kamar waina, don ya fi shi kunne da haƙuri.

Shi kansa Sarkin Yaƙin ba na so a kore shi. Hannunsa na da kyau, da zai cire waƙar nan daga kunne ya saurari mutane, da ba mai tare mu daga Kwangila har Shika. Na gaya masa haka a gabansa, ya ce in bari sai na kai Legendary, matakin ƙoli na wasan, kafin in yi masa wa'azi. Na kai tun bara, ɗan'uwa, ban dai ɗora a sitatus ba ne.

Ƙuri'ata na nan inda na sa ta. In kun cire shi, ku cire sunana, ku ba wani gurbin, zan zo kallo da kujerata.

Af, tunda ana maganar waya, don Allah masu saka waya a firiza in ta yi zafi bayan wasa, ku daina. Satin nan kaɗai uku aka kawo mini shago a PZ, duka raɓa ta shiga ciki, ɗaya har batirin ya kumbura ya ɗaga murfin baya. Wani kuma ledar fiya wata mai sanyi yake ɗora wa tasa yana bugawa tana jone da caji. Cire ta daga caji, cire mata riga, ajiye ta a inuwa minti goma ta huce da kanta. Kuma wanda ya bar Infinix mai shuɗin baya tun kafin azumi, na gyara ta tuntuni, ya zo da cikon kuɗina ya ɗauka.