Ba kowace faɗuwa ce ke zama darasi ba

Duk wanda abu ya lalace masa ya san maganar nan da ake jefa masa: "Kada ka damu, ai darasi ne." Na sha faɗa wa mutane, an kuma sha faɗa mini. To yau dai bari in fito da abin da ke raina, ko da za a ce na cika tsaurin ido. Da a ce wahala tana koyarwa da kanta, da duk wanda ya sha wuya ya zama mai hikima. Ga mutane nan muna gani, sun faɗa rami ɗaya sau biyar, abin da suka ƙaru da shi ɗacin rai ne kawai.

Ni ma na yi zama a cikinsu. Sau uku ina zuwa intabiyu ta neman aiki, sau uku ana cewa za a neme ni, shiru kake ji. Na haɗa wa kaina bayani mai daɗin ji: ba ni da uwa a gindin murhu, an riga an raba gurbin tun kafin a kira mu. Kusan shekara biyu ina bin mutane da wannan labari, suna tausaya mini, ni kuma ina jin sanyi. Rannan wani abokina, wanda ba ya iya ɓoye magana, ya ce in zauna ya yi mini tambayoyi kamar gaske, ya ajiye waya tsakaninmu tana naɗa. Da muka gama ya kunna. Tambaya ɗaya ya yi mini: wace matsala na taɓa warwarewa da hannuna? Na ji muryata tana zagaye, daga makarantar da na yi zuwa halayena na kirki, minti huɗu cur, ban taɓa tambayar ba. Na miƙa hannu zan kashe, ya riƙe wayar ya ce, "A'a malam, sai ka ji ƙarshe." Wallahi kunyar da na ji a ɗakin nan ta fi ta intabiyu ukun a haɗe.

Ban ce babu son kai a duniya ba, akwai shi, watakila ma ya taɓa ni. Amma laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wasu.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. A 2019 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Chicago, Lauren Eskreis-Winkler da Ayelet Fishbach, sun gwada mutane da tambayoyi masu zaɓi biyu kacal. Ka ga kenan ko an ce ka ci ko an ce ka faɗi, an riga an nuna maka amsar. Duk da haka waɗanda aka ce sun faɗi ba su riƙe darasin kamar waɗanda aka ce sun ci ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, idan kuskuren wani suke kallo, sai su koya sarai. Wato ƙwaƙwalwa lafiyarta ƙalau, zuciya ce ke kawar da kai idan abin ya zo kanta.

Shi ya sa nake jinjina wa masu harkar jiragen sama. A 1954 jiragen Comet na Birtaniya guda biyu suka tarwatse a sararin sama, tsakaninsu wata uku. Masu bincike suka tsamo tarkace daga teku, suka ɗauki gangar wani jirgin irinsa suka nutsar a ƙaton tankin ruwa a garin Farnborough da ke Ingila, suna matsa masa ruwa suna sassautawa, sau dubbai, har ya tsage. Nan aka gane ƙarfen ne ke gajiya, tsagar kuma daga kusurwar kafofin da aka yanke a jikin jirgin take farawa. Wannan haƙurin tonon ne ya gyara ƙirar jiragen da suka biyo baya. Mu kuwa namu jirgin na faɗuwa, mu share wurin, mu ce haka Allah ya so, mu sake hawa irinsa. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ban ga inda ta hana mutum tambayar kansa ina ya yi sake ba.

Sai dai a yi hattara, kada a ɗauki maganata a je a dame mai makoki da ita. Wanda ya rasa ɗa, ko ciwo ya kwantar da shi, babu kuskuren da zai tono. Ko Richard Tedeschi da Lawrence Calhoun, da suka yi suna tun shekarun 1990 kan nazarin yadda wasu ke ƙara ƙarfi bayan musiba, ba su ce musibar alheri ce ba, ba su kuma ce kowa ke fitowa da riba ba. Irin wannan mutum a zauna kusa da shi a yi shiru ya fi masa wa'azi.

Maganata da mu ce, masu faɗuwar da akwai hannunmu a ciki: jarabawa, sana'ar da ta karye, abotar da ta watse.

Intabiyu ta huɗu ma ban samu aikin ba, kada ku zaci labarin zai ƙare kamar almara. Amma ina fitowa na zauna na rubuta tambayoyin da aka yi mini guda bakwai, na ja layi ƙarƙashin biyun da na yi kame-kame a kansu. Naɗin nan kuma yana cikin wayata har yanzu. Sau biyu na canza waya, kowane lokaci sai na kwashe shi na tafi da shi, ko da yake har gobe ba na iya saurarensa idan da mutum a kusa.