Melina da Zargin Lauje Cikin Naɗi

Tun da kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ya fitar da wasan bidiyo na Elden Ring a watan Fabrairun 2022, masu buga shi ba su daina muhawara a kan wata budurwa mai suna Melina ba. Ita ce take bayyana ga ɗan wasa tun a farkon tafiya, ta ba shi zoben kiran dokinsa Torrent, ta kuma yi alƙawarin ƙara masa ƙarfi muddin zai kai ta gindin babbar bishiyar zinariya da ake kira Erdtree. Idonta na hagu a rufe yake, ba ta faɗin asalinta sai a gutsuttsure, ta ce jikinta ya ƙone. Wannan ya sa da yawa suka yanke cewa akwai lauje cikin naɗi, wasu ma suka ce ita ce tsohuwar sarauniyar nan mai ido launin almuru, wadda rubuce-rubucen cikin wasan suka danganta da ikon mutuwa.

Ban ga laifin wannan hasashe ba, domin da gangan aka bar giɓin. Jagoran aikin, Hidetaka Miyazaki, ya taɓa bayyana cewa yana yaro yakan karanta littattafan da suka fi ƙarfin fahimtarsa, sai ya cike abin da bai gane ba da tunaninsa, kuma haka yake gina labaran wasanninsa: guntu a bayanin takobi, guntu a bakin wani da aka tarar a hanya. Wanda ya zauna yana harhaɗa waɗannan guntaye bai fita daga wasan ba, yana cikinsa tsundum.

Inda nake ja da masu hasashen shi ne ma'aunin da suke amfani da shi. Sun zargi Melina saboda shirunta da rufaffen idonta, alhali a daidai wannan lokaci mafi yawansu sun wanke wani a cikin wasan mai suna Miquella tas, saboda an nuna shi a matsayin yaro mai tausayi wanda ya dasa wata bishiya domin ta zama mafakar waɗanda aka tsangwama, kuma aka ce Mohg, ɗaya daga cikin manyan abokan gabar ɗan wasa, ya sace shi. Da ƙarin labarin wasan mai suna Shadow of the Erdtree ya fito a watan Yunin 2024, sai ta bayyana cewa Miquella ne ya sihirce Mohg, kuma ƙaunar da mabiyansa ke yi masa ma akwai sihiri a cikinta, har ta kai da sihirin ya karye suka fara juya wa juna baya. Abin lura shi ne alamar tana nan tun a wasan farko, a bayanin wani reshen sihiri da ya nuna cewa Miquella ya iya tilasta wa zukata su so shi. An karanta, aka wuce, domin zuciya ta riga ta yanke hukunci. A nan karin maganar labarin zuciya a tambayi fuska bai yi aiki ba ko kaɗan.

Idan aka auna Melina da ayyukanta, hoton da ke fitowa daban ne. Lokacin da ƙayoyi suka toshe ƙofar Erdtree, ita ce ta ba da kanta a matsayin makamashin wutar da za ta ƙone su, ba tare da ta nemi sarauta ko lada ba. Ta ce mahaifiyarta ce ta ɗora mata wannan aiki, amma ta ƙara da cewa yanzu da zaɓin kanta take yin sa. Sau ɗaya tak take tsayawa tsayin daka a gaban ɗan wasa, wato idan, tun kafin ta ƙone, ya nufi karɓar wutar hauka da ke ƙarƙashin birnin Leyndell, wadda manufarta ita ce narkar da duk wani mai rai. A nan takan roƙe shi, tana tuna masa cewa duk lalacewar duniya har yanzu ana haihuwa kuma rayuwa na ci gaba. In ya ƙi ji, sai ta rabu da shi, kuma a ƙarshen wannan hanya ne kaɗai take buɗe idon nan, ta yi alwashin kawo masa ajalinsa.

Masu zarginta sun ɗauki wannan buɗe ido a matsayin ranar tonon asiri. Ni kuwa abin da na gani shi ne mace da ta faɗi sharaɗinta a fili, ta yi gargaɗi tun kafin a aikata, sannan ta cika abin da ta ce. Mai fuska biyu ba ya sanar da kai ranar da zai juya maka baya. Ko ita ce waccan sarauniya, ko ƙanwar Messmer ce, ɗaya daga cikin manyan abokan gabar ɗan wasa a ƙarin labarin, kamar yadda wani bayani a cikinsa ya yi ishara, biyayyarta ba ga mahaifiyarta take ba kuma ba ga ɗan wasa ba, tana ga ci gaban rayuwa a wannan ƙasa da ta ruguje, kuma a kan haka ta yarda ta ƙone.