Ɓawon Ƙaguwa Ba Ya Kare Ta Daga Maganin Ƙwari

Akwai maganar da ta dame ni don yawan jin ta: wai maganin ƙwarin da ruwan sama ke wankewa daga gonaki ba ya cutar da ƙaguwar bakin teku, tunda ruwa ya yi yawa ya tsinke shi, ita kuma tana da ɓawo mai tauri. A ido maganar tana da ma'ana, amma ba haka abin yake ba.

Ƙaguwa dangin ƙwari ce ta kusa, jijiyoyinsu iri ɗaya suke aiki. Gubar da aka haɗa don rikita jijiyar fara ko sauro haka take rikita tata: tafiyarta ta lalace, ta kasa gudu daga tsuntsu ko kifi. Ɓawon kuma bai tare hanya, domin gubar ta wajen numfashi da abinci take shiga. Lokacin saɓa ma, da ta tuɓe tsohon ɓawo jikinta na da laushi, haɗarin ya fi, balle ga ƙanana.

Batun tsinkewa shi ne babban kuskuren. Inda kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri, laka kwantawa take yi, wasu magungunan kuma manne wa laka suke yi su yi shekara da shekaru. A cikin wannan lakar ƙaguwa ke kwana, nan take kiwo.

A 1975, an gano cewa wani maganin ƙwari mai suna Kepone daga wata masana'anta a garin Hopewell ya gurɓata Kogin James a jihar Virginia ta Amurka. Ya taru a laka da jikin kifaye da ƙaguwa, har gwamnan jihar ya hana kamun kifi a kogin.