Sharuɗɗa biyar da ba su taɓa tsorata ɗan takara ba

Tun da aka koma maganar zaɓen 'yan majalisar dokoki da na kansiloli a Kamaru, wanda aka ɗage daga 2025, wani tsohon saƙo ya sake fitowa yana zagaya rukunonin WhatsApp na Garwa da Marwa da Ngaundere, galibi da Faransanci, wani lokaci kuma a muryar wani da ya juya shi zuwa Fulatanci. Saƙon yana gaya wa mabiyin Katolika cewa abubuwa biyar ne kaɗai ba a ciniki a kansu idan ya shiga rumfar zaɓe: zubar da ciki, da kashe mara lafiya da sunan hutar da shi, da gwaji a kan ɗan tayi, da kwafe halittar ɗan Adam a ɗakin bincike, da auren jinsi. Duk ɗan takarar da ya tsallake waɗannan, in ji saƙon, ya halatta a ba shi ƙuri'a, sauran batutuwa kuwa ra'ayi ne, kowa da nasa.

Masu tura saƙon suna yi ne da zuciya ɗaya, amma ƙalilan ne daga cikinsu suka san inda ya fito. Wata ƙungiyar Katolika mai zaman kanta a Amurka, Catholic Answers, ita ce ta yaɗa wannan jeri a 2004, lokacin da George Bush da John Kerry suke takara, domin masu zaɓen da ke fuskantar jam'iyyu biyu da suka rabu a fili kan zubar da ciki da aure. Fadar Vatican ba ta fitar da shi ba, bishop-bishop na Kamaru ma ba su sa masa hannu ba. An ɗinka rigar ne a kan jikin wani, aka kawo mana ita Arewa ana cewa mu sa.

A duba dokar ƙasa tukuna. Kundin hukunta laifuka na 2016 ya haramta zubar da ciki a sashe na 337, ya bar ƙofa kawai a sashe na 339 idan lafiyar uwa tana cikin babban haɗari ko kuma cikin ya samu ne ta hanyar fyaɗe. Sashe na 347-1 ya tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyar ga masu neman jinsi ɗaya. A ranar 21 ga Disamba 2023, kwana uku kacal bayan Vatican ta fitar da takardar Fiducia supplicans, wadda ta ba limamai damar sa wa masu zaman jinsi ɗaya albarka, bishop-bishop na Kamaru sun hana sa wa irin wannan zama albarka a cocinsu, kuma babu wata jam'iyya mai kujera a majalisa da ta fito ta ja da su. Ban taɓa jin ɗan takarar kansila a Mora ko Kaele ko Figil ya yi alkawarin halatta auren jinsi ba, balle ya buɗe ɗakin kwafe halittar mutum a ƙasar da asibitin gunduma yake kwana babu wuta. Jarrabawar da kowane ɗalibi ke cinyewa tun kafin ya zauna ba ta bambance kowa da kowa, kuma wannan shi ya sa 'yan siyasa suke ƙaunarta. Mutum ya ci kuɗin rijiyar burtsatse, ya bar kasuwa cikin shara, sannan ranar Lahadi ya zo da buhunan siminti da bandir na kwano, a zaunar da shi a bencin gaba, ya karɓi makirufo ya rantse cewa shi mai kare rai da iyali ne. Bisa ma'aunin saƙon, gaskiya ya faɗa.

Abin haushin shi ne koyarwar cocin kanta ta fi wannan jeri faɗi da kaifi nesa ba kusa ba, kuma a rubuce take. Babban taron Vatican na biyu, a takardarsa ta 1965 mai suna Gaudium et spes, ya lissafa abubuwan da ke gaba da rai da mutuncin ɗan Adam a sakin layi ɗaya: ya sa kisan kai da zubar da ciki a gaba, sannan ya ci gaba da azabtarwa, da tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, da zaman da bai dace da ɗan Adam ba, da sayar da mata da yara, da aikin wulaƙanci. Paparoma John Paul na Biyu, wanda ya zo Garwa da ƙafarsa a watan Agusta 1985, ya ɗauko wannan sakin layi sukutum ya sa a farkon wasiƙarsa ta 1995 kan rai, Evangelium vitae, wadda masu jerin suke yawan jingina da ita. A 2002 ofishin Vatican mai kula da aƙida, ƙarƙashin Kadinal Joseph Ratzinger, ya fitar da bayani kan shigar Katolika siyasa, inda ya ce a sarari bangaskiya dunƙulalliya ce, kuma wanda ya ware ɓangare ɗaya na koyarwar ya riƙe bai sauke nauyin da ke kansa na amfanin jama'a ba. Paparoma Francis ya maimaita a 2018 cewa kare ɗan da ke ciki wajibi ne a yi shi da ƙarfi, kuma ran talakan da aka riga aka haifa yana da tsarki daidai da nasa. Paparoma Leo na yanzu ma, a ƙarshen Satumba 2025, ya ce wanda ke adawa da zubar da ciki amma yana goyon bayan hukuncin kisa bai cika mai kare rai ba. Ga dai dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamba 2014 tana nan da hukuncin kisa a cikinta, alhali maƙwabciyarmu Chadi ta soke shi gaba ɗaya a 2020, amma ba za ka ga wannan a cikin saƙon ba.

Idan ana so a san yadda ake rasa rai a Arewa, a je bakin mayo, wato rafi, da damina. Mace tana naƙuda tun magariba, an ɗora ta a kan babur, mijinta a gaba, surukarta a baya tana tallabe da ita, ruwa ya cika mayon babu gada, ana jira ya janye har asuba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 406 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, adadin da ya sauko daga 782 a binciken 2011, kuma kowa ya san jihohin Arewa uku ne suka fi ƙarancin likita da ungozoma. Saboda haka ne aka fara takardar lafiyar masu ciki a wannan yanki a 2015, wadda da jaka shida ta kuɗin CFA mace za ta samu awo da haihuwa har da tiyata idan ta kama. Wannan tsari yana aiki ne idan ana biyan asibitoci kuɗinsu a kan lokaci, idan akwai magani a kanti, idan akwai hanyar da motar asibiti za ta bi. Waɗannan duka hukunci ne na kasafin kuɗi, wato aikin ɗan majalisa da magajin gari. Idan uwa ta mutu a bakin mayo, ɗan da ke cikinta ma ya mutu, kuma shi ne dai ɗan tayin da saƙon yake cewa yana karewa.

Cocin Marwa da Mokolo ba ta bukatar wani ya koya mata tsadar rai daga ƙetare. Daga Ngecewe aka sace Fada Georges Vandenbeusch a Nuwamba 2013, daga Cere aka sace limamai biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Afrilu 2014, sansanin Minawao kuma yana cike da 'yan gudun hijira tun 2013. A 2021 rikicin ruwa tsakanin Larabawa Shuwa da Musgum a Logon-Birni ya kai har Kuseri, ya kora dubban mutane zuwa Chadi. Ambaliyar 2024 ta ci gidaje da gonaki a Mayo-Danay da Logon da Shari, ta karya gada a tsakiyar Yagwa. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 12 ga Oktoba 2025 an zubar da jini a titunan Duwala da Garwa, jagoran adawa Anicet Ekane kuma ya rasu a tsare a farkon Disamba. A nan ne 'yan takara suka bambanta da gaske, domin akwai wanda ya je ta'aziyya, akwai wanda ya ɗaga murya a zauren majalisa, akwai kuma wanda ya kashe wayarsa ya wuce Yawunde. Jerin sharuɗɗa biyar ya wanke su duka da ruwa ɗaya.

Maganar aure ta fi ba da mamaki, domin a Kamaru magajin gari shi ne ke ɗaura auren hukuma, shi ne kuma ke riƙe da rajistar haihuwa, kuma galibi sai da takardarsa Fada yake ɗaura aure a coci. Ke nan babu zaɓen da ya shafi aure kai tsaye kamar zaɓen kansiloli. A koyarwar Katolika yardar ango da amarya ita ce ke ƙulla aure, kuma dokar coci ta ce auren da aka yi da tilas ko tsoro mai tsanani bai ɗauru ba. Sashe na 356 na kundin 2016 ya hukunta auren dole da aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, amma dokar rajistar jama'a ta 1981 ta daɗe da barin a aurar da yarinya a shekara 15, kuma binciken 2018 ya gano kusan kashi 30 cikin ɗari na matasan mata an aurar da su kafin su kai 18. A nan cocin ma ba ta da bakin yin alfahari sosai, tun da dokarta ta duniya ta ajiye mafi ƙarancin shekarun mace a 14, ta bar wa bishop-bishop na kowace ƙasa su ɗaga. To ta yaya za a tabbatar da shekarun yarinyar da ba ta da takardar haihuwa? Ita ce wadda ta kai ajin ƙarshe na firamare, malami ya kira sunayen masu zana jarrabawar CEP bai kira nata ba saboda babu takarda, ta koma gida, kafin kaka ta zagayo an karɓi sadakinta. Magajin garin da ya bar rajistarsa ta yi ƙura, ko ya bar ma'aikatansa suna karɓar na goro kafin su rubuta sunan jariri, ya yi wa aure illar da babu wani ɗan fafutikar Turai da ya taɓa yi masa a wannan yanki.

Akwai kuma abin da masu saƙon suka yi shiru a kai, kuma shirun nasu ya tona asirin jerin. Inda dokar Kamaru ta saɓa wa koyarwar Katolika kan aure a zahiri shi ne auren mace fiye da ɗaya da kuma saki. A gaban magajin gari ake tambayar ma'aurata wanne suka zaɓa, mace ɗaya ko fiye, a rubuta a takarda. Coci ba ta yarda da na biyun ba, amma ba wanda ya ce kada Katolika ya zaɓi ɗan takara mai mata uku, kuma daidai ne da ba a ce ba, domin a Garwa da Marwa Musulmi da Kirista kasuwa ɗaya suke ci, rijiya ɗaya suke sha. Ashe dai an riga an yarda cewa mai zaɓe yana auna abubuwa da lamirinsa, yana duba zaman lafiya da abin da zai yiwu. An zaɓi batutuwa biyar ɗin ne saboda riƙe su ba ya jawo wa kowa asara a nan. Irin wannan dabara ba ta tsaya a ƙofar coci ba, mu ma mun san ɗan siyasar da ke gyara masallaci ana saura wata biyu zaɓe, a yi masa addu'a a lasifika, a manta da inda kuɗin makarantar unguwa ya shiga.

Masu cewa coci ta tsaya ga sujada ta bar siyasa ga 'yan siyasa, yawancinsu ba su tuna da wannan ƙa'ida sai ranar da wa'azi ya taɓa ubangidansu. Masu cewa faɗaɗa maganar rai zai sa a manta da zubar da ciki kuwa, su tuna marigayi Kadinal Christian Tumi, wanda ya yi bishop a Yagwa da Garwa: shi ne ya jagoranci tattaki a Duwala a 2009 kan yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka saboda sashenta na zubar da ciki, kuma shi ne dai ya shafe shekaru yana caccakar gwamnati kan cin hanci da maguɗin zaɓe, ɗayan bai hana shi ɗayan ba. Lokacin da Bishop Barthélemy Yaouda na Yagwa ya ce a farkon 2025 ko shaiɗan ne ya karɓi mulki tukuna a ga abin da zai biyo baya, an yi ta ce-ce-ku-ce, kuma lallai kalamin ya wuce gona da iri. Sai dai mutumin da ke binne mutanen Mayo-Danay ne ya furta shi, ba auren jinsi ne ya kai shi bango ba.

Dokar coci ta hana limamai shiga harkar jam'iyya, don haka ba a neman wani Fada ya nuna wa mutane hoton da za su jefa a ambulan. Abin da ya rage wa bishop-bishop na Garwa da Marwa-Mokolo da Yagwa da Ngaundere shi ne su faɗa da bakinsu cewa wannan saƙo ba nasu ba ne, su kuma sa kwamitocinsu na adalci da zaman lafiya, waɗanda dama suke sa ido a zaɓe, su fitar da tambayoyin da suka dace da Arewa, a karanta su da Fulatanci da Hausa da Tupuri da Mafa. A tambayi magajin gari mai neman komawa jarirai nawa ya yi wa rajista da aure nawa ya ƙi ɗaurawa saboda ƙarancin shekaru, a tambayi ɗan majalisa me ya ce ranar da ake muhawarar kasafin lafiya. Buhunan simintin da ake kawowa coci lokacin kamfe kuma a ce wa mai su ya ajiye, ya dawo da su bayan an ƙidaya ƙuri'a idan har yana da niyya.