Wai mai ɗinkin hularmu ce abar tausayi

"Allah sarki, abin tausayi." Abin da dattijuwar ta ce ke nan bayan ta jujjuya hular maigidana, ta leƙa ciki ta leƙa waje, ba ta ga sunan wadda ta ɗinka ba. Har yau maganar tana ci mini rai.

Maƙwabciyata ce ta ja ni taron ƙungiyarsu ta masu ɗinkin bargon ƙyallaye, wanda suke kira kwilt, a nan jihar Ohio ta Amurka, ta ce in zo da wani aikin hannu na ƙasarmu. Wata-wata suke haɗuwa a wani ɗaki na laburaren unguwa. Kowacce tana jan keken ɗinkinta a jaka mai taya, yawancinsu sun yi ritaya, kai fari fat. Akwai shugaba, akwai ma'aji, akwai kuɗin shekara, har da mai rubuta abin da aka tattauna. Yankan ma ba da almakashi ba, wata wuƙa ce mai taya da ake gungurawa a jikin rula, a kan wani koren shimfiɗi mai layukan inci. Bargon hawa uku ne: sama ƙyallayen da aka harhaɗa, tsakiya auduga, ƙasa yadi guda, sai a bi da ɗinki a kama su. Can kusa da tashi, mata biyu su ɗaga bargo ta kusurwoyi, mai shi ta miƙe ta ba da labarinsa: wannan na jikanta ne da ya gama sakandare, wancan da rigunan marigayi mijinta ta haɗa shi. A yi tafi. A bayan kowane bargo kuma an ɗinka ɗan ƙyalle mai suna da gari da shekara. Shi dattijuwar ta nema a hular.

Ba na raina musu. Kusurwoyinsu suna haɗuwa cif, kuma suna ɗinka ƙananan barguna kyauta don jariran asibiti da tsofaffin sojoji. A garin Paducah na jihar Kentucky har gidan tarihi guda aka buɗe a 1991 don waɗannan barguna kawai. Mu kam ba mu yi wa aska takwas irin wannan gata ba.

To amma wane ne abin tausayin? Ƙyallayen nan fa ba ragowar tela ba ne. Sabon yadi ake saya da dala, a yayyanka shi gunduwa-gunduwa, a sake haɗawa. Wata ta ce tana da ɗaki guda cike da yadin da ba za ta ƙarar ba kafin ta mutu, aka kwashe da dariya. Wannan ai wasan ƙoshi ne. Wadda ta ɗinka hular kuwa makonni ta yi tana lissafin zare da ido, kuɗin ya tafi cefane da littafin yara. Matan Bama da rikici ya koro Maiduguri da allurar nan suka riƙe 'ya'yansu a sansani. Macen da ke jiran a karɓi hula ta sayi masara ba ta da lokacin ɗinka sunanta. Su ma a nan sun san irin wannan: baƙaƙen matan Gee's Bend a Alabama, jikokin bayi, da tsofaffin kayan gona suke haɗa barguna saboda sanyi. Aikinsu bai shahara a matsayin fasaha ba sai da manyan gidajen tarihi suka rataya shi a 2002, har aka buga shi a kan tambarin wasiƙa a 2006.

Ni da na zauna na lura, ba bargon ne ya tara su ba, hira ce. 'Ya'yansu suna wasu jihohi, maƙwabci ba ya shigo maka sai da alƙawari, shi ya sa sai an kafa ƙungiya da ma'aji kafin mata su zauna wuri ɗaya. Ku da ke gida kun san tsakar gidanmu bayan azahar: Gwaggo da allurarta a kan tabarma, wata na tsince shinkafa, wata na kitso, sallama ba ta yankewa. Wa ya taɓa biyan kuɗin shekara? A nan kuwa lokacin rufe laburare na yi aka naɗe tebura, kowacce ta shige motarta ita kaɗai.

Kuma ba su kaɗai ba. Tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa yi mini sallama ba tare da ya kira waya ba, har 'yan uwanmu Hausawa sun koyi halin. Jiya na kira Yaya in huce a kanta, ina jin hayaniyar mata a bayanta, ana ta gardamar kayan ɗakin wata amarya. Ta ce, "Ke, bari sai dare, gidan cike yake." Daren nasu kuwa ni ina wurin aiki.