Igiya Uku, Igiya Biyu

Kaka: Kai angon ƙarya, tun asuba kake zanen tsani a takarda, kafinta za ka koma ne?

Jika: Hajiya, siffar DNA ce fa, kamar tsani take, gobe muna da jarabawar bayoloji. Shi ne abin da ke cikin ƙwayoyin jikinki, ta nan na gado wannan hancin naki.

Kaka: Na kakanka dai, Allah ya jiƙansa, ni hancina har baka.

Jika: To ji. Kowane ɗan gutsure a jikin tsanin abu uku ne haɗe, wani sinadari da ake kira fosfet, da suga mai ƙwayar kabon 5, sai harafi ɗaya cikin A, T, G ko C.

Kaka: Suga? Likita ya hana ni shayi shekara da shekaru ashe abin na nan cike a jikina, kuɗina kawai ake ci!

Jika: Ba na Lipton ba Hajiya, diyoksiribos sunansa. Fosfet ɗin ke kama kabon na 3 na wannan suga da kabon na 5 na mai bi masa, ɗauri ne mai ƙarfin gaske, su ne sandunan gefen tsanin. A tsakiya kuma A ba ta kama kowa sai T, G sai C.

Kaka: Oho, auren gida.

Jika: Kusan haka. G da C igiyar haidirojin 3 ce tsakaninsu, A da T kuma 2.

Kaka: Innalillahi, har ya saki ɗaya kenan! Dama ni tun da ka ambaci T ɗin nan hankalina bai kwanta da shi ba.

Jika: Ba saki ba ne, haka aka halicce su. Shi ya sa in aka dafa DNA a ɗakin gwaje-gwaje wajen digiri 95, wuraren A da T ke fara rabuwa, daga baya G da C su bi, amma sandunan gefe ko gezau, in ya huce kuma kowa ya koma wa abokinsa.

Kaka: Tsaya tsaya. Igiya uku ta tsinke kuma su koma? Ba wani auren a tsakani?

Jika: Hajiya sinadari ne fa.

Kaka: Ko sinadari ne. Wa ya koya muku wannan?

Jika: Masana kimiyya Watson da Crick ne suka fito da siffar DNA ɗin a Kambirij ta Ingila, 1953.

Kaka: Na ce dai. Miƙo min mayafina, gidan liman za ni, wannan abin ba za a ci gaba da yin sa a cikin jikina ba.