Gilashin Jamus da Gwaggwannin Amarya

Motata Marsandi ce 230E ta 1991, wadda duk Najeriya ake kira V-Boot. Kawuna ne ya sayar mini da ita a farashin da ya kira na zumunci, lokacin da ciwon gwiwa ya hana shi taka kuloci. Ni malamin makaranta ne, amma tun da na fara shigarta masu gadi suka koma ce mini Alhaji, mai faci kuma ya ƙara mini kuɗin iska.

A hanyar Zariya, wajen Kura, wata tifa maƙare da tsakuwa ba rufi ta wuce ni. Na ji ƙas! Ɗan tabo ne a gilashin gaba da bai kai farce ba, can ƙasa ɓangaren mai zaman banza. Da na kai maganar majalisa, kowa ya zama injiniya. Wani ya ce a goga tafarnuwa, wani ya ce jan farce marar launi, liman ɗinmu ya ce a manna sitikar Ayatul Kursiyyu a kai, ta rufe aibu ta kuma yi tsari. Na yi duka ukun, don kada wani ya ji an raina shawararsa.

Gilashin gaba falle biyu ne da aka manne da siririyar leda a tsakiya, shi ya sa ba ya tarwatsewa irin na gefe. Tsagewa yake yi, tsagar kuma zafi da sanyi ke tura ta gaba. Yaron da ke wanke mini mota bai halarci wannan darasi ba. Ana tsakiyar zafin Afrilu, motar ta wuni a rana, ya ɗebo ruwan randa mai sanyi ya sheƙa mata. Kafin in fito daga sallar La'asar tsagar ta bar ƙarƙashin sitika, ta ratsa gabana, ta isa ɗaya gefen. Washegari wani jami'i ya tsayar da ni a hanya, ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, ta benen sama kake kallon titi ko ta ƙasa?"

Na nufi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa cikin babbar riga, na faka motar a bakin rumfa. Kuɗin da aka faɗa mini ya haura albashina na wata. Da na gaya wa bakanikena, dariya ya yi har da riƙe ciki. "Malam, ai ba gilashin suka yi wa kuɗi ba, kai suka yi wa. Wa ke zuwa ciniki da Marsandi a bayansa?" Na koma cikin adaidaita sahu da tsohuwar riga da silifa, na ce maigidana ne ya aiko ni. Farashi ya sauko nan take, har mai rumfar ya taya ni zagin masu kuɗin da ba sa iya zuwa kasuwa da kansu.

Kashi biyu ya nuna mini. Akwai sabo ɗan China, akwai na hannu da aka ciro daga motar da ta gama rayuwarta a Turai. Ya ɗora yatsa a kusurwa: ga tauraron Marsandi, ga sunan kamfanin gilashin, Sekurit, ga E1 cikin da'ira, alamar hukumar Jamus ce ta amince da shi. Har da tsohuwar sitikar kuɗin hanya ta Suwizalan a manne. Ya ce, "Wannan ya ga dusar ƙanƙara bai fashe ba, balle ruwan randa." Ban san lokacin da na ba shi labarin randar ba. Na biya. Aka naɗe shi da tsohuwar katifa, na rungume shi a bayan adaidaita, duk ramin da muka faɗa sai na yi salati da ƙarfi, direban na amsawa.

A wajen mai sa gilashi, yaron shagon ya zagaya motar ya tambaye ni a ina aka sace mini waifa ɗaya. Na yi masa bayani cikin alfahari cewa haka Jamusawa suka ƙera ta, hannu guda ne mai miƙewa ya kai kusurwa ya dawo. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji tausayina.

Gilashin V-Boot ba a cikin roba yake zaune ba irin na tsofaffin Marsandi da suka gabace ta. Da gam ake manne shi a jikin ƙarfe. Sai da suka zura siririyar waya, ɗaya a ciki ɗaya a waje, suna ja suna yanka gam ɗin har ya saki. Suka ɗaga tsohon ya ƙarasa rabuwa biyu a hannunsu. Sannan aka kwance katifa, aka ɗora na Jamus. Ta kowane gefe hannuna na iya shiga.

"Alhaji, wannan ai na 190 ne. Baby Benz."

"To me ya sa ba ka gwada ba kafin ka cire wancan?"

"Ai ba ka ce in gwada ba, ranka ya daɗe."

Bai gama da ni ba. Ya kira ni in ga bakin ƙarfen da gilashin ke zama: tsatsa ta ci kusurwa biyu, har yatsa na burmawa. Ya ce gam ba ya kama tsatsa, sai mai walda ya taɓa wurin an yi fenti. Mai waldar kuwa yana can wajen Kurna. Haka na hau titi da Marsandi ba gilashi, da baƙin tabarau da takunkumi. Hulata ta koma kujerar baya tun a shataletalen farko. Yara na ɗaga mini hannu, wani mai babur ya jero da ni yana tambaya ko sabon yayi ne. Can wata babbar mota ta tayar da ƙura, na daina ganin gabana, hannuna ya yi abin da ya saba shekara da shekaru: ya danna ruwan wanke gilashi. An cire waifa, amma famfon na nan da ransa. Ruwan omo ya same ni a goshi. Ƙurar dai ta wanku, ba zan yi wa Jamusawa ƙarya ba.

Mai rumfa ya karɓi na 190 ya ba ni na gaskiya, bayan na yi ciko, don a cewarsa babban gilashi babban kuɗi. Wannan ba sitikar Suwizalan, sai ɗan tabon waifa da ya rantse zai goge da man goge baki. Aka shafa baƙin gam, mutum biyu suka ɗora, aka ɗaure da salatif. Mai gilashi ya yi mini huɗuba: gam ɗin nan da laimar iska yake bushewa, yanzu kuwa rani ne, zai ɗauki lokaci. Kada a wanke motar, kada a shiga gargada, a bar tagogi a ɗan buɗe, kuma kada kowa ya buga ƙofa, don iskar da ke matsewa a ciki tana iya ɗaga gilashin daga mazauninsa.

Da magariba maƙwabcina ya yi sallama. A daren za a kai 'yarsa ɗakin miji, motar da suka yi haya ta lalace. Marsandi a unguwarmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Na ce to, amma da sharaɗi ni zan tuƙa, ni zan rufe ƙofofi. Ina rufe wa amarya tata a hankali, gwaggwanni suka shige ta sauran ƙofofin. Matan da suka yi rayuwarsu suna kokawa da ƙofar tasi ne. Gam! Gam! Babbar cikinsu ta ga tata ba ta yi ƙara sosai ba, ta buɗe ta sake. Sannan ta ce, "Ɗan nan, ɗaga gilasai, iska za ta ɓata wa yarinya lalle." Gidan ango kuma yana ƙarshen wani layi da rabonsa da gireda tun kafin a haifi amaryar.

Tun daga daren motar ta koyi fito. Da na wuce sittin sai ta fara, siririya, daga kusurwar dama. Na gaya wa abokan aiki cewa ƙararrawar gargaɗin gudu ce.

Ruwan farko na Yuni ya same mu ni da uwargida a hanyar gidan iyayenta. Ɗigo ya fara sauka daidai gwiwarta, kan sabon leshi. Ba ta ce komai ba. Ta buɗe jaka, ta ciro kwanon da za ta kai wa Hajiya dambu, ta juye dambun a leda, ta tara kwanon. "Baban Khalifa, in ya cika in zubar ta taga, ko a nan ma akwai doka?"

Na koma wajen mai gilashi. Ya duba, ya matsa da babban yatsa, ya ce sai an cire an sake sabon gam, amma in bari sai bayan damina, don gam ba ya son laima. Na ce, "Malam, ba kai ka ce da laima yake bushewa ba?"

Ya ce, "Wancan na Jamus ne, Alhaji. Ya ƙare."